A Rufa wa 'Ya'yan Kunkuru Raga, a Bar Kyanwa Ta Yi Aikinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, ga tsadar rayuwa, ga rashin tsaro. Na yarda waɗannan sun fi shi nauyi. Amma shi ma rai ne ake asara, kuma asarar da 'yan bulo da ragar waya za su hana. Maganata a kan masu ajiye kunkuru ce, musamman ƙanana, a gidan da kyanwa ke shiga da fita.

Ni tsohon malamin gona ne, na ajiye aiki. Kunkuraye biyun da ke gidana, namiji da mace, gadonsu na yi wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Macen takan tona rami ta yi ƙwai a gindin katangar baya, kuma duk shekarar da Allah ya sa suka ƙyanƙyashe nakan raini 'ya'yan in rarraba wa dangi da abokan arziki. Kyanwa kuwa tun ina yaro gidanmu bai taɓa rabuwa da ita ba. Saboda haka dabbobin nan biyu duka nawa ne, duka kuma ina ƙaunarsu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a layinmu. Wani bawan Allah ya sayo wa yaransa 'ya'yan kunkuru uku a kasuwa, aka zuba su a bahon roba a tsakar gida, aka yayyanka musu salak, yara suka yi ta murna har barci ya kwashe su. Da gari ya waye babu ɗaya, ɗaya an tauna masa ƙafar gaba, na ukun an same shi a rigingine bakin famfo. Ransa ya ɓaci, kuma duk uban da ya ga 'ya'yansa suna kuka zai fahimci haka. Sai ya barbaɗa shinkafar ɓera a kan kifi ya ɗora bisa katanga. Muzurun da yake zargi ya mutu. Kyanwar wata tsohuwa da ke gidan bayansu ita ma ta ci, ta mutu ta bar 'ya'ya idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Ba a jima ba ɓeraye suka addabi gidajen layin. Kunkuru bai dawo ba, kyanwoyi sun tafi, an kuma bar gaba tsakanin maƙwabta.

Duk wanda na yi wa maganar raga, amsa iri biyu nake samu. Wani ya ce, "Haba Malam, tamu ai kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, kuma a ƙoshe take." Wani ya ce, "Kunkuru fa? Ai da sulkensa aka haife shi."

Ƙoshi ba ya hana kyanwa farauta. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yau danginta na nan a dazuzzukan Sahel, kuma zaman gida bai cire mata halin ba. Duk ƙaramin abin da ya motsa a gabanta sai ta kai masa hannu, da yunwa ko babu. Wanda ke shakka ya tambayi matan gida wutsiyar ƙadangare nawa suke sharewa da safe. A Ostireliya, inda aka zauna aka yi lissafin abin, wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi, na gida da waɗanda suka koma daji, suna kashe dabbobi masu jan ciki kusan miliyan 650 a kowace shekara. Ba banza Bahaushe ya yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai ba. Tana kwance lumshe da ido kana cewa barci take, alhali ta gama auna tazarar da ke tsakaninta da abin da take so. Wannan halitta ce, ba mugunta ba, kuma duka ba ya sauya ta.

Batun sulke kuwa, babban kunkuru ne ke ruɗar mutane. Namijin gidana sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, kuma da hantsi lokacin sanyi kyanwarmu takan hau bayansa ta miƙe tana shan rana, shi ko yana ta cizgar harawa bai san tana yi ba. Baƙo ya ga haka sai ya ɗauka kunkuru da kyanwa abokai ne. To ɗan da ya fito daga ƙwai tsawonsa bai wuce santimita 5 ba. Ka ɗauke shi ka danna cikinsa da ɗan yatsa a hankali, za ka ji ɓawon yana lotsawa, kuma yakan ɗauki watanni masu yawa kafin ya yi ƙwari. Ɓawon nan kuma ba riga ba ce da ya sa. Ƙashinsa ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, da jini da jijiyoyi a ciki, kuma huhunsa na nan daf da ɓawon sama. Haƙorin da ya huda bayan ɗan kunkuru ya isa huhu ke nan. Ko ba cizo, kyanwa ta buge shi da hannu ya kife a rana, in bai samu abin da zai dogara ya juyo ba, zafin watan Afrilu na Katsina zai gama da shi kafin azahar.

Wata yarinya cikin jikokin maƙwabta ta taɓa zuwa mini da nata a cikin gwangwanin madara. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Malam, ka duba mini shi, ya daina cin abinci." Na tambaye ta ko wani abu ya taɓa shi. Ta ce, "Mage ce kawai ta yi wasa da shi shekaranjiya, Umma ta kore ta, kuma ko jini bai fito ba." Na juya shi a tafin hannuna. Idanunsa a rufe, sun kumbura. Ƙafar baya na jan ta ba ya mayarwa. Sai da na kai shi haske na ga huji biyu a fatar da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ƙanana kamar bakin allura, gefensu ya yi ja. Muka tafi da shi wurin likitan dabbobi, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Bai kwana biyu ba ya mutu.

Likitan ne ya yi mini bayanin da nake so kowa ya ji. A bakin galibin kyanwoyi akwai ƙwayar cuta da ake kira Pasteurella, wadda ita kyanwar ba ta cutar da ita. Haƙoranta sirara ne masu tsini, suna shiga can ciki su ajiye ƙwayar, bakin ciwon kuma ya rufe nan da nan, sai abin ya ci gaba da ruɓa daga ciki. Shi ya sa ko mutum kyanwa ta ciza a hannu, hannun kan kumbura cikin yini guda. Su kuma masu jan ciki ba sa kuka, ba sa ɗingishin da za a lura da wuri, suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Ranar da ka ga alama, sau da yawa an makara. Don haka duk kunkurun da ya shiga bakin kyanwa, ko da ba ka ga jini ba, a ranar za ka kai shi wurin likitan dabbobi. Kafin ka isa, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan aidin da aka sirka da ruwa, ka sa shi a akwati mai tsabta inda ƙuda ba zai sauka masa ba, don ƙuda na yin ƙwai a ciwo ya zama tsutsa. Kada a shafa baƙin mai, kada a zuba toka, kada a liƙe fasasshen ɓawo da gam a rufe datti a ciki. Kuma ina jan kunnen 'yan'uwana masu kiwo: allurar ivermectin da muke yi wa awaki da shanu don tsutsar ciki da kaska, ga kunkuru guba ce, tana shanye masa jiki ta kashe shi. Waɗanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in garuruwan, sauranmu kuma akwai asibitocin dabbobi na jiha.

Akwai kuma cutarwar da ba ta barin tabo. Kyanwa ta zo ta tsuguna bakin baho tana kallo, ba ta taɓa kowa ba. Ɗan kunkuru ya ga inuwa a kansa, ya mayar da kai ciki, ya ƙi fitowa. Ba zai ci ba, ba zai fito hantsi ba, alhali da hasken rana jikinsa ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawo. Yau haka, gobe haka, sai ka ga yana ramewa ɓawonsa ya ƙi tauri, a ce wai iska ce ko baki.

Ga yadda nawa wurin yake, kuma ba wani abin kuɗi ba ne. A gefen tsakar gida inda hantsi ke sauka amma rana ba ta yini, na sa aka jera bulo layi biyu, aka kewaye wuri mai faɗin taku uku da tsawon taku huɗu. Layin farko an ɗan binne shi, don irin kunkurunmu gwanin tono ne tun yana ƙarami. Ƙasan ban sa siminti ba, ƙasa ce da ɗan yashi, har ciyawa na tsirowa da damina su yi kiwo. Bangon bulo ya fi na raga, domin ba sa hango kyanwa ta gefe, ita ma ba ta hango su. A ciki na kife rabin fasasshiyar tukunya suna shiga su ɓuya, na ajiye faranti mara zurfi na ruwa wanda ba zai wuce haɓarsu ba.

Murfin shi ne komai, kuma a nan mutane ke yin arha su yi asara. Ragar sauro ba ta yi. Farce ɗaya ke keta ta, kuma in kyanwa ta kwanta a kai sai ta lotsa har ta tsinke daga jikin ƙusa. Ragar kaji mai manyan idanu ita ma ba ta yi, hannun kyanwa na shiga har kafaɗa, ƙaramin ɓera kuma ya wuce abinsa. Abin da ake so ragar ƙarfe ce mai kauri wadda idonta bai wuce rabin inci ba, a ɗaure ta a firam na katako ko mai walda ya haɗa na ƙarfe, a gitta sanda ɗaya a tsakiya. Kyanwa babba kan kai kilo 3 zuwa 5, kuma ba a hankali take hawa ba, daga kan katanga take dirowa. Kafin ka biya mai aikin, ka ɗora tafin hannu a tsakiyar murfin ka danna da ƙarfi. In ya lotsa, bai yi ba. A kafe murfin ta gefe guda yadda za a riƙa ɗaga shi, a sa masa sakata ta ɗaya gefen. Ban yarda da ɗora dutse ba, domin yaro zai ɗauke ya ba su abinci, a kira shi aike, ya tafi ya bar shi a ƙasa. Sakata kuwa hannu kan saba da ita. Rabin murfin na shimfiɗa masa zana don inuwa. Kada a rufe da gilashi ko leda, zafi zai taru a ciki ya dafa su. Murfin nan guda ya raba ni da kyanwa, da shirwa, da hankaka, da gafiya, har da yaran da ke son ɗaukar kunkuru su sa a aljihu su tafi makaranta.

Da hunturu, in dare ya yi sanyi sosai, ina kwashe ƙananan in kai su ɗakin ajiya a akwatin katako mai murfin raga, in ja ƙofa. Kwali ba wurin kwana ba ne. Ba na sakin ɗan kunkuru ya yi yawo a tsakar gida shi kaɗai sai ɓawonsa ya yi tauri ko'ina, tsawonsa ya kai santimita 20 ko kusa da haka, yadda kyanwa ba za ta iya juya shi ba. Kare kuma maganarsa daban ce, shi ko matashin kunkuru gwaguyarsa yake yi, don haka gidan da ke da kare sai an ƙara haƙuri.

Yanzu kuma na ga samari a Kano da Kaduna da Abuja suna nuna abin da suke ajiyewa a Facebook da TikTok: hawainiya, damo, da ƙaramar mesar nan da ke dunƙule jiki ta ɓoye kai in ta tsorata, wadda ake fitar da ita da yawa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Suna sa su a akwatin gilashi a ɗaki, da ƙwan lantarki a sama don ɗumi. To su sani ɗumin nan shi ne ke kiran kyanwa. Za ta haye murfin ta kwanta, tun ba don farauta ba. Murfin ya rufta da ita ciki, ko ya goce maciji ya samu kafa ya fice ya shiga gidan maƙwabta, ko ta ture fitilar ta faɗa kan labule ko katifa. Hawainiya ta fi kowa rashin jure kallo, sai ta yi baƙi ta daina kamun ƙwari. Ita kyanwar ma ba ta tsira ba, domin babban damo ko guza na da haƙori da farce da bulalar wutsiya. Ga mai irin wannan akwati, murfi mai makulli wajibi ne, amma abin da ya fi shi shi ne ɗakin da kyanwa ba ta shiga sam, ƙofa a rufe, taga da raga.

Wani dalilin raba su ya shafi 'ya'yanmu. Kunkuru da ƙadangare da maciji kan ɗauki ƙwayar Salmonella a hanjinsu suna lafiya lau, tana fita a kashinsu. Kyanwa ta sha ruwan farantinsu, ta taka ƙasar wurin, ta zo ta hau tabarmar da jariri ke rarrafe. Saboda wannan cuta ce Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkurayen da ɓawonsu bai kai inci 4 ba tun 1975, bayan da aka ga yara na kamuwa da gudawa da zazzaɓi ta dalilinsu. Duk yaron da ya taɓa kunkuru ya wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke farantinsu inda ake wanke-wanke.

An sha ba ni shawarar in zuba kafur ko garin barkono ko in yayyafa fiya-fiya a kewayen wurin, wai warin zai kori kyanwa. Kunkuru hancinsa a ƙasa yake, shi zai fara shaƙa, shi zai lasa. Kafur da fiya-fiya guba ne gare shi, guba ne ga kyanwar, guba ne ga yaron da ya tsinta. Jifa da watsa ruwa kuwa abu ɗaya suke koya mata: ta jira sai ba ka nan. Farautarta dama da asuba ne da magariba, lokacin da muke masallaci. Abin da na ga yana taimakawa shi ne a ba ta nata wurin, tsohon buhu kusa da murhu ko a kan dakali inda rana ke sauka, a kuma ba ta abincinta nesa da wurin kunkuru. In ta zo ta gwada murfi ta ga ba ya motsi, ba ta kuma ganin komai sai zana, da kanta take daina zuwa.

Ba na so wani ya karanta wannan wasiƙa ya ce to a kori kyanwa a huta. Babban maƙiyin kunkuru a cikin gari ɓera ne da gafiya. Su da dare suke zuwa, su tona ƙwai, su cinye ƙanana, kai har babba in sanyi ya sa jikinsa ya yi nauyi sukan gwaguye masa ƙafafu yana kwance. Kyanwar da ake zargi ita ce ke tsare gidan daga waɗannan. Ga kuma abin da muka taso muna ji wurin malamai: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, ya kuma ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. In tsarewa ta kai ga haka, ina ga sa guba? Kyanwa ba ta ajiye kunkuru a baho ba. Wanda ya kawo shi gida shi ne ya ɗauki amana, kuma shi za a tambaya.

Wannan kunkuru namu ba ƙaramar dabba ba ce a idon duniya. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma gidansa shi ne wannan yanki namu na bakin Sahara, daga Senigal da Murtaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Cadi, har Sudan da Habasha. A daji yana ta ƙarewa, saboda noma da kiwo sun cinye mazauninsa, ga masu kamawa su sayar. Tun 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci, a 2021 kuma IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu da muhallinsu, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Duk ɗan kunkurun da ya mutu a bahon roba, gobe za a koma kasuwa a sayo wani, mai sayarwa kuma ya aika a kamo. Dabba ce da in ta tsallake shekarun farko takan haura shekara 70. Masu karatu za su tuna Alagba, kunkurun fadar Soun, wato sarkin Ogbomosho, da ya mutu a Oktoban 2019, wanda fadar ta ce ya shekara 344. Masana sun yi shakkar wannan adadi, amma irin namu ne.

Roƙona ga iyaye shi ne a gina wurin kafin a sayo dabbar. Kafintan da ya iya haɗa ɗakin tattabaru ya iya wannan murfi a yini guda. Masu sayarwa a kasuwa su ma su ji tsoron Allah su riƙa gaya wa mai saye gaskiya, su daina cewa "ai ko'ina ka ajiye shi zai rayu, tuwo ma yana ci." Ciyawa da ganye ne abincinsa, kuma ba ko'ina yake rayuwa ba.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon shafinku na noma da kiwo ya gayyato likitan dabbobi ya yi mana bayani da Hausa a kan jinyar kunkuru da sauran masu jan ciki, musamman irin magungunan da ba a ba su. Kusan duk abin da ake bugawa a kan kaji ne da awaki da shanu, alhali gidajen da ke da kunkuru a Katsina da Daura da Maraɗi ba kaɗan ba ne, kuma kemis ɗin dabbobi ɗaya muke zuwa da masu awaki.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon malamin gona,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.